Lamba Goma Sha Bakwai

Teburina na bakin Kasuwar Dole,
ƙarƙashin kwano ɗaya da rana ta gasa.
Nonuwa arba'in gare shi, kowanne na shayar da waya.
Dala goma, in cika mata ciki,
in manna lamba a bayanta,
in danƙa maka ƙanwar lambar a hannu.

Ran da kure ya ɗauke, gari duk nawa ne.
Birni ta zo, Zango ta zo,
kowa ya ajiye mini bakinsa ya tafi cefane.
Ban taɓa buɗe ta kowa ba.
Mai jiran takalma a ƙofar masallaci
ba ya tambayar inda suka taka.

Ta Barma ce goma sha bakwai.
Fuskarta a tsage, an ɗaure ƙugunta da roba.
Barma mai tura ruwa, mai jarka goma sha biyu,
shi ne ya danna ya yi magana minti guda:
kwana tara famfon unguwarsu bai ko yi tari ba,
ya faɗi kuɗin jarka, ya faɗi wanda ya zarga.
Mutum biyar ya tura wa.
Kafin la'asar muryarsa ta je Agadas,
ta sha shayi a Maradi,
ta dawo ta same shi yana wanke ƙafa.

Laraba ya kawo ta, ya ce bayan azahar zai dawo.

Waɗanda suka zo, su biyu ne,
takalmansu ba su san kasuwa ba.
Ba su tambayi farashi ba.
Suka ce, wacce ce ta Barma?
Na ce lamba na sani, ban san suna ba.
Bakina ke nan.
Idona kuwa ya riga shi isa wurin.

Ba su ɗauka ba.
Dogon ya shafa robar da yatsa ɗaya,
ya ce, bar ta a kunne, malam,
kada ta ji yunwa.
Ya ajiye jika guda a kan teburin.

Tun ranar take kuka.
Da safe Inna, da magariba Inna,
tsakani kuma sunaye: Ɗan Jimo, Mai Taya, Cima Ƙosai.
Duk wanda ya kira, na san wani wuri
alƙalami na motsi.
Ashe tarko na ke ba nono.

Kasuwa ta koyi sabon ladabi.
Cima na zare sim kafin ta miƙo,
ta ƙulle shi a bakin zane tare da canji.
Samari na share saƙo suna tsaye a gabana
kamar mai kakkaɓe tabarma kafin baƙo.
A waya yanzu kowa lafiya lau,
gida lafiya, ruwa ma lafiya.
Ran da muka sayi layin nan
mun ba da kati, mun ba da hoto, muna dariya,
mun ce ga sauƙi ya zo.

In na kashe ta, hannuna ne za a gani.
In na bar ta, gobe wa zai kira?
Kwana shida jikar nan na ƙarƙashin dutse,
ko goro ban saya da ita ba.

Yau da hantsi kure ya ɗauke.
Mutane suka taru, suka ce tada inji.
Na duba tanki, cike yake har wuya.
Na rufe, na ce babu mai.

Na mayar wa mutum talatin da tara kuɗinsu,
na sha zagi har na ƙoshi,
sannan na zauna kusa da ita
kamar mai jinya,
ina kallon sanda ta ƙarshe tana ja.

Inna ta kira sau ɗaya.
Ƙarar ba ta kai ƙarshe ba.